Inda Guntu Ya Juya

Ni tela ne, kuma da ba don an ƙona mini shago ba, da har in mutu ba mai ganina da fartanya a kafaɗa. Shekara ashirin da biyar ina kan keke a bakin kasuwa, ina yanka ina haɗawa, ina faɗa da masu cewa hannun riga ya yi tsawo bayan su suka ce a ƙara. Rana ɗaya rikici ya tashi tsakaninmu mutanen tudu da mutanen gangare, a kan abin da har yau in ka tambayi mutum biyar za ka ji magana biyar. Kafin yamma kekena ya koma baƙin ƙarfe, gidanmu na ƙauye ya koma toka, muka kwashi yara muka gudu. Shekara uku muka yi a wata makaranta da aka zuba mu. A can Baba ya rasu, Inna ta bi shi bayan wata shida. Da aka ce an yi sulhu kowa ya koma gida, abin da ya rage mini a duniya shi ne mata, 'ya'ya biyar, da gonar Baba, wadda rabona da ita tun ina ɗan shekara sha biyar.

Gonar a ƙurewar daji take, doguwa, daga bakin hanya ta gangara har zuwa wani kwazazzabo. Rabin sama namu ne. Rabin ƙasa na wani dattijo ne mutumin gangare, abokin Baba, wanda aka kashe a rikicin. Abin da na tuna tun yarinta shi ne akwai layin ciyawar gamba a tsakiya, ita ce iyaka. Da na je ranar farko, da tef ɗin awo a wuyana kamar wanda zai auna wa gonar wando, ban ga gamba ko tsinke ɗaya ba. Fili ne fetal daga hanya har kwazazzabo.

Na tarar da ɗan dattijon a can, wanda ake kira Bahago. Tare muka yi wasan ƙasa da shi, sannan shi ma ya bar ƙauye tun da ƙuruciya, ya yi rayuwarsa yana aikin injin niƙa a birni. Ya riga ya kafa turke inda ya ce nan ce iyaka. Na duba na ga ya haɗiye wurin baƙar ƙasar nan da ke tsakiya, mai riƙe laima, wurin da ko ni da ban san noma ba na san shi ne zuciyar gonar. Ban yi wata-wata ba na saro reshe, na taka taki talatin zuwa ɓangarensa na kafa nawa. Ya ce mutanenmu ne suka share iyakar don su ci gonar marayu. Na ce nasu ne, tun da su suka riga mu dawowa. Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita su a nan ba. Shi ba ya ɗaga murya, kallonka kawai yake yi yana gyaɗa kai, kuma ba abin da ke ƙona mini rai kamar wannan.

Magana ta je gaban kwamitin sulhu. Shugabansu tsohon hedimasta ne, muna ce masa Ciyaman, mutum mai son takarda da biro. Ya zo ya ɗaura jan ƙyalle a kan sanda ya kafa a bakin gonar, ya ce daga ni har Bahago ba wanda zai sa garma sai an san iyaka, don da irin wannan ne ake sake tayar da wuta. Aka nemi shaidu. Masu gonakin da ke kusa, wasu sun mutu, wasu ba su dawo ba. Waɗanda aka samu suka ce su dai sun san tsofaffin biyu suna haɗa shanu, kowa na da sa ɗaya, amma ba su taɓa bin su da ido su ga inda ɗaya ya tsaya ba. Aka yi zama biyu, ba a tsinana komai ba sai shan ruwa da rubutu.

Ana cikin haka ruwan shuka ya sauka. Ya sake sauka. Kowa ya fita huɗa, ni ina zaune a gindin bangon da muka rufe da tabarma ina kallon irin gero a buhu. Uwar yara ta ce mini an sanar cewa abincin taimakon da ake raba mana zai tsaya daga ƙarshen wata. Sai ta juya ta dubi yaran. In damina ta wuce ni ban shuka ba, ban san abin da zan sa musu a baki ba har shekara ta zagayo. Tsoro ya kama ni na gaske, irin wanda ban ji ba ko ranar da muke gudu.

Da zama ya ishe ni, sai na riƙa zuwa gonar da sassafe ina tono. Ciyaman huɗa ya hana, bai hana tono ba. Tunanina shi ne, ko wuta ta cinye gamba ai saiwarta tana nan a ƙasa, ciyawa ce mai taurin rai. Na bi tsakiyar gonar ina sara ina dubawa, kwana uku, har tafin hannuna ya yi ƙurji. Ban samu saiwa ko guda ba. Abin ya ɗaure mini kai. Wanda ya zo ɓarna da gaggawa wuta zai sa ya wuce. Wannan kuwa aikin mai natsuwa ne, an bi tushe ɗaya bayan ɗaya an tumɓuke, kamar yadda nake warware ɗinki ban bar zare ba. Na ce a raina, lallai mutanen nan sun daɗe suna shirya mana. Amma can ƙasan zuciyata na kasa gane yaushe mai gudun ransa ya samu lokacin irin wannan aiki.

A hanyar dawowa na biya wajen Maƙeri don ya gyara mini bakin fartanya. Tsoho ne mai ido ɗaya, kuma shi kaɗai ne mutanen tudu da na gangare duk suke zama a rumfarsa, don kowa na buƙatar ƙarfe. Ya dubi hannuna ya yi dariya, ya ce allura ta ɓata ni. Na ba shi labarin tonon da nake yi. Ya daɗe yana juya ƙarfe a wuta, sannan ya ce, "Kuna ta neman shaida a wurin mutane, ga wanda ya fi kowa sanin gonar nan kun bar shi yana cin hakinsa."

Na ce wa ke nan. Ya ce Guntu.

Guntu san noman Baba ne, ja, mai guntun wutsiya, abin da ya sa aka sa masa sunan ke nan. Ni na ɗauka tuni an yanka shi ko an kora shi daji. Maƙeri ya ce yana nan da ransa, a gidan su Bahago. Ranar da aka sa wa gidanmu wuta ya tsinke igiya, bai nufi ko'ina ba sai gidan da ya saba zuwa. Mahaifiyar Bahago ce ta ja shi ta gudu da shi, ta riƙe shi shekara ukun nan. Na miƙe tsaye na ce ashe har da satar sa. Maƙeri ya ce in zauna, ɓarawo ba ya ajiye tsohon sa shekara uku yana ciyar da shi, shi kansa bai ƙoshi ba.

Sannan ya gaya mini abin da ya hana ni sukuni. Ya ce san da ya yi shekaru yana huɗa a gona ɗaya ba ya buƙatar a ce masa juya. Yana kaiwa ƙarshen layi zai rage tafiya, ya karkata wuya, ya juya da kansa, ko da mai garma barci yake yi. Na ce ko bayan shekara uku? Ya ce ko bayan biyar. Na ce da me yake ganewa, da ido ko da hanci ko ƙirga taki yake yi? Ya ce shi ƙarfe yake ƙerawa, bai taɓa shiga kan sa ba. Na dame shi da tambaya har ya ce in ban tafi ba zai ɗora mini guduma.

Washegari na tsinci kaina a bayan dangar gidan su Bahago ina leƙe, ni da girmana. Ban taɓa shiga unguwar gangare ba tun dawowarmu, kuma ina da dalili. A ƙofar gidan nan aka kashe dattijon, kuma kowa ya san cikin waɗanda suka je akwai ɗan kawuna. Ban je ba, ina kasuwa a lokacin, amma na sani, kuma ban taɓa buɗe baki a kai ba. Na hango Guntu a ƙarƙashin wata rumfa. Ya tsufa, ƙashin kwankwasonsa ya fito, yana tuƙa a hankali, idonsa a lumshe. Na tsaya ina kallon wannan kai mai faɗi ina tambayar kaina wai da gaske gonar Baba tana ciki, da tsawonta da faɗinta. Tsohuwar ta fito da ƙwaryar dusa ta ajiye masa, ta shafa wuyansa. Na sunkuya na bar wurin kafin ta ɗago.

Na kai wa Ciyaman shawarar. Ya cire tabarau ya ce shi a iya karatunsa bai ga inda aka rubuta shaidar dabba ba. Na ce shaidar mutane da aka rubuta me ta haifar. Aka kira Bahago. Na zaci zai ƙi, sai ya ce ya yarda, don shi ma irinsa na nan a buhu, yaransa huɗu. Muka yi sharaɗi. Ba ni ba shi a riƙon garma, Maƙeri ne zai riƙe. Ba igiya a hancin sa, ba bulala, ba wanda zai yi magana. Za a haɗa Guntu da wani ɗan bijimi da bai taɓa taka gonar ba, wanda zai bi babba kawai. Za a fara daga bakin hanya, ɓangarenmu. Inda Guntu ya juya, nan ce iyaka, kuma ba ɗaukaka ƙara. Ciyaman ya rubuta, muka sa hannu.

Uwar yara ta ce ita dai ta ga abin da ya ishe ta, mutumin da ba ya yarda da awon wani tela sai ya sake aunawa, yau ya miƙa abincin 'ya'yansa ga sa.

Ranar gwajin, da hantsi, mutane suka cika bakin gonar. Na tudu a gefe guda, na gangare a gefe guda, da ɗan fili a tsakani da ba wanda ya taka. Har da mahaifiyar Bahago, ta zo a bayan san, ta samu kututture ta zauna. Aka ɗora karkiya. Maƙeri ya kafa bakin garma, ya yi ɗan tsaki, shanu suka motsa.

Ban taɓa kallon wani abu a rayuwata kamar yadda na kalli ƙafafun san nan ba. Da farko ya yi ta jan jiki kamar ba ya so. Bayan taki goma sai ya ɗaga kai, ya shaƙi iska, tafiyarsa ta daidaita, ɗan bijimin ya bi. Ƙasa tana tsagewa baƙa a bayansu. Muka bi su daga gefe, ni da Bahago da Ciyaman da littafinsa.

Turken Bahago ne na farko a hanya. Suka doso shi. In ya juya a nan, baƙar ƙasa ta tafi. Guntu ko kallon turken bai yi ba, ya wuce. Na ji wani daɗi ya taso mini har wuya, na saci kallon Bahago. Suka ratsa baƙar ƙasa, suka doso nawa turken. Na fara shirya fuskar da zan yi, ta mutumin da gaskiyarsa ta fito amma ba ya son ya yi alfahari. Guntu ya wuce nawa turken shi ma.

Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zuwa mini shi ne kwaɗayi. Na ce ashe ma cutar kaina na yi, gonar Baba ta fi haka. Taki goma, ashirin, arba'in. Sa bai rage tafiya ba. Mutanen gangare suka fara gunaguni, Ciyaman ya ɗaga hannu. Daɗin da nake ji ya fara komawa wani abu daban, don ko ni na san Baba bai mallaki wannan wuri ba. Haka Guntu ya yi ta tafiya har ƙarshen gonar su Bahago. Saura taki uku ya kai bakin kwazazzabo ya rage sauri, ya karkata wuya, ya juya da kansa tsaf, yadda Maƙeri ya faɗa. Ya kama sabon layi ya hauro. Ya wuce turkena, ya wuce na Bahago, bai tsaya ba sai bakin hanya, ya sake juyawa.

Maƙeri ya tsayar da su. Wani daga cikin namu ya ce to ai gona duka ta tela ce. Wani daga can ya ce in haka ne tasu ce duka, tun da sa ya hauro har hanya. Wani ya ce tsufa ne, sa ya ruɗe. Ciyaman yana riƙe da biro bai san abin da zai rubuta ba. Ni kuwa ina tsaye ina kallon layuka biyun nan, dogaye, miƙaƙƙu, ba karkata ko kaɗan. Ruɗaɗɗen sa ba ya irin wannan aiki.

Sai tsohuwar ta yi magana daga kan kututturenta. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji ta.

"Bai ruɗe ba. Haka suke yi."

Ta ce shekara goma sha biyu kafin rikici, mijinta da Baba suka ga gajeren layi yana wahalar da shanu, juyi ya fi huɗa yawa, su ma ƙarfinsu ya fara ƙarewa, 'ya'ya kuma duk sun tafi birni. Sai suka ɗauki magirbi su biyu, suka tumɓuke gambar da hannunsu, kwana huɗu suna yi, ita ke kai musu abinci. Daga nan huɗa ɗaya suke yi, shuka ɗaya, girbi ɗaya. In an ɗaure dammuna a tara su wuri guda, wannan ya ɗauki ɗaya, wancan ya ɗauki ɗaya, har su ƙare. Ba su gaya wa kowa ba don kada dangi su sa baki.

Na tuna kwana ukun da na yi ina tono ina tsine wa wanda ya yi aikin. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona.

Bahago ya durƙusa a gabanta. Ya ce, "Inna, kin san haka, kika bar mu wata guda muna ta zama?"

"Na sani," in ji ta. "Ban so hatsinmu ya sake haɗuwa da nasu a wuri ɗaya ba. Na so a ja layi ko a ina ne, ko da mu za a cuta."

Namu duk suka sunkuyar da kai, har da masu bakin ɗazu. Ciyaman ya tambaya a hankali ko yanzu me za a rubuta. Maƙeri ya ce a rubuta abin da aka ga dama, amma laimar nan ba za ta kai jibi ba, kuma shanu suna cikin karkiya. Bahago ya ce shi ba zai yi komai ba sai abin da mahaifiyarsa ta ce. Duk gonar, da irin da ke buhu, da bakunan yarana biyar, suka koma hannun matar da danginmu suka mayar gwauruwa. Na matsa kusa na durƙusa na ce, "Gwaggo."

Ta daɗe tana kallona. Ba ƙiyayya na gani a idonta ba, kuma ba yafiya ba ce.

"Ku yi huɗarku yadda iyayenku suka yi," in ji ta. "Yara ba su yi wa kowa laifi ba. Amma in an yi girbi, damin farko na rabonmu kai za ka ɗauko shi a kanka. Ba aike ba. Ka kawo shi gidana da rana tsaka, ka tsaya a ƙofa, in nuna maka inda ya faɗi. Ka gaya mini da bakinka su wa suka zo."

Na ce to. Ciyaman ya sauke jan ƙyallensa, bai rubuta wannan sharaɗin ba, ba wanda kuma ya ce ya rubuta.

Ranar muka yi huɗa har rana ta karkata. Maƙeri ya nuna mana riƙon garma, yana zaginmu ni da Bahago ba bambanci, wai tela da mai injin niƙa, bai san wanda ya fi wani lalaci ba. Layukana sun fi na kowa karkata. Muka yi shuka a kwana biyu, matanmu suna binmu da iri, ba sa magana da juna amma suna miƙa wa juna ƙwarya.

Yanzu gero ya fi ni tsawo, ya fitar da kai, baƙar ƙasar nan ta yi abin da ake faɗa a kanta. Uwar yara ta fara share wurin da za mu kafa rumbu, tana waƙa. Ɗan kawuna ya dawo makon jiya, yana zaune gida na uku daga nawa, jiya ma ya aiko mana da gaisuwa. Kullum da safe nakan je gonar in murza kan gero a tafin hannuna in ga ko ya yi ƙwari. Maƙeri ya ce saura kwana goma sha biyu a yi girbi.